Zinariya da Dalma a Duwatsun Ƙasar Kontagora

 

An nemi in yi bayani a kan ma'adinan da Allah Ya ajiye a cikin duwatsun wannan ƙasa tamu, kuma tun da yake kusan kowa a nan ya san wani saurayi da ya bar noma ya tafi haƙar zinariya, ko dai wajen Yawuri ko wajen Shiroro, na ga ya fi dacewa in fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Garin nan na Kontagora, wanda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa, yana kan iyakar ƙasa iri biyu. Wanda ya nufi kudu, wajen Bida har Lakwaja, zai taka dutsen yashi wanda ruwa ya shimfiɗa kimanin shekara miliyan 70 zuwa 80 da suka shuɗe, kuma wannan a lissafin masana ƙasa sabon dutse ne. Amma wanda ya nufi arewa, wajen Rijau da Zuru, ko gabas wajen Kagara, zai taka tsohon dutsen da shi ne harsashin nahiyar baki ɗaya, kuma a cikin wannan tsohon ne jijiyoyin zinariya suke.

A cikin tsohon dutsen nan akwai wasu dogayen zirare masu miƙewa daga arewa zuwa kudu, waɗanda asalinsu laka ne da yashi da suka kwanta a gindin ruwa, sa'an nan zafi da matsi suka sake musu kama, har suka zama dutse mai fallaye wanda ake iya ɓamɓarewa. Masana suna kiran kowane ziri da sunan garin da ke kansa: akwai na Zuru, wanda ya fi kusa da mu, da na Anka da na Maru a Zamfara, da na Kushaka da na Birnin Gwari a gabas da mu. Abin da ya matse su kuwa shi ne wata babbar haɗuwa da sassan nahiya suka yi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da ɓangaren Afirka ta Yamma ya tunkuɗi na gabas da shi, ƙasar da ke tsakani ta nannaɗe kamar tabarmar da aka tura daga gefe biyu, ta kuma tsattsage. Tsaga biyu daga ciki sun shahara: ɗaya ta bi ta Anka da Yawuri ta gangara kudu, ɗaya ta bi ta Kalangai da Zungeru.

A nan nake roƙonku ku ba ni hankalinku. Sa'ad da dutse ke dahuwa a can ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kilomita masu yawa, yakan fitar da wani ruwa mai tsananin zafi wanda ya narkar da ma'adinai a cikinsa. Wannan ruwa, da yake ba shi da mafita sai ta tsagogin nan, yakan bi su ya hau sama, kuma duk inda ya huce ko matsi ya ragu a kansa, sai ya sauke kayansa, su daskare su zama jijiyar farin dutsen nan na ƙanƙara wanda mahaƙa suke bi. To, ruwan bai ɗauko zinariya ita kaɗai ba. Ya ɗauko ta tare da ƙarfe da jan ƙarfe, a wasu wurare kuma da azurfa da dalma, yawancinsu a haɗe da kibiritu. Dutsen tozalin nan mai walƙiya da iyayenmu mata suka sani, a galibi dalma ce da kibiritu. Saboda haka jijiya guda tana iya ɗaukar zinariyar da ba ta wuce 'yan giram ba a cikin tan guda na dutse, alhali dalmar da ke tare da ita ta ninka ta sau dubbai. Farfesa Ibrahim Garba na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi nazari mai zurfi a kan irin waɗannan jijiyoyi, har da na Bin Yawuri da ke maƙwabtaka da mu, kuma ya kamata ɗalibanmu su nemi rubuce-rubucensa.

Tarihin haƙar a taƙaice yake. An fara lissafin zinariyar Nijeriya a hukumance a 1913, aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa a 1919, aikin ya bunƙasa a shekarun 1930, sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da shi. Yawancin abin da aka samu a wancan zamani daga yashin rafuka ne da bakin jijiya, inda ruwan sama ya riga ya ruɓar da dutsen, kuma har yau nan ne mutanenmu suke tono.

Amma ganin ƙyalli a gindin kwano bai isa hujja ba a kan cewa tsauni yana da arzikin da za a kafa masana'anta a kansa. Mai bincike na haƙiƙa, idan ya isa wani tsauni mai nisa da gari, yakan fara da ɗibar yashin rafukan da ke gangarowa daga gare shi, ya aika ɗakin gwaji. In ya ga alama, sai ya bi rafin ya hau, yana ɗibar ƙasa a kan layi bisa tazarar da ya auna, sa'an nan ya yanka ramuka masu tsawo don ya ga faɗin jijiyar da inda ta karkata. Bayan duk wannan ne yake kawo injin huda dutse, ya zaro sandunan dutse daga zurfin mita ɗari ko fiye, domin jijiyar irin tamu takan yi kauri a nan ta sirance a can, wani lokaci ma ta yanke ɗungum. Aikin yakan ci shekaru da dukiya, kuma mafi yawan wuraren da aka bincika a duniya ba su kai ga zama mahaƙa ba. Ta wannan hanya aka bi kafin mahaƙar Segilola ta Jihar Osun ta fara fitar da zinariya a 2021. Mu kuwa da ido muke bin jijiya, muna zurfafa rami ba tare da tokari ba, kuma abin da ya auku a Galkogo, cikin ƙaramar hukumar Shiroro, a watan Yuni na 2024, inda rami ya rufta da mahaƙa bayan ruwan sama, bai bar mana wurin musu ba.

Sai dai musibar da ta fi ci mini rai ita ce wadda ba a jin ƙararta. Idan dutsen tozali ya daɗe kusa da fuskar ƙasa, ruwa da iska sukan juya shi ya zama wata farar dalma mai laushi, wadda ido ba ya rarrabe ta da ƙasa, cikin ɗan Adam kuwa yana narkar da ita cikin sauƙi. Idan aka kawo wannan dutse cikin gida, aka daka shi a turmi ko aka niƙa shi busasshe a injin niƙa, ƙurar takan sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Haka aka yi a 2010 a Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu. Bayan shekara biyar, a 2015, abin ya zo jiharmu, a ƙaramar hukumar Rafi, wajen Shikira, aka rasa yara 28, sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shigo da magani, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Waɗanda suka tsira da rai, da yawansu dalmar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, abin da magani ba ya mayarwa.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya zakka tana wajaba a kan zinariyar da aka haƙo da zarar ta kai nisabi, watau misƙali 20, ba tare da jiran shekara ba, kuma hukuncin ma'adini yana hannun shugaba, domin ya duba maslahar jama'a. Dokar ma'adinai ta 2007 ita ma ta sa su a hannun Gwamnatin Tarayya. Wanda aka ba iko kuwa an ɗora masa amanar rayuka. Abin da nake nema daga sarakunanmu da hakimai da hukuma shi ne, duk inda aka buɗe sabon rami a ƙasar Rijau ko Magama ko Mariga, a ɗebi dutsensa a kai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ko Hukumar Binciken Ƙasa, a auna dalmar da ke ciki kafin a niƙa ko da buhu guda. A keɓe wurin niƙa nesa da gidaje da rijiyoyi, a riƙa niƙa da ruwa, a hana ƙona zaibar da ake ware zinariya da ita cikin gari, mahaƙi kuma ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga wurin iyalinsa.