'Ya'yanmu Masu Raunin Fahimta: Ina Muke Kai Su, Wa Yake Duba Su?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Zango)



An nemi in yi magana a kan ilmi. Na zaɓi in yi ta a kan yaran da ba a ambaton su ranar rabon kyaututtuka, wato masu raunin fahimta, waɗanda muke kira dolo ko gaula. Duk malamin da ya daɗe yana riƙe da alli ya san su: yaro ya shekara uku a aji ɗaya bai iya rubuta sunansa ba, alhali ga ladabi, ga son aike.

Da farko mu bambance. Raunin fahimta daban, taɓin hankali daban, kangara da shaye-shaye kuma daban. Wani da shi ake haifar sa. Wani doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwarsa iska, wani shawara ce ta kama shi yana jariri, wani sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Babu bulalar da ke warkar da ɗaya daga cikinsu.

Rashin wannan bambancewa shi ya sa muke tura kowa gidan mari. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani irin wannan gida a Daura, suka fito da mutum 67, yara da manya, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Makonni kaɗan kafin nan an fasa wani a Rigasa ta Kaduna, aka sami ɗaruruwa. Galibinsu saboda shaye-shaye ko rashin ji aka kai su. To, idan mai cikakken baki ya sha wannan azaba shekara da shekaru ba a ji ba, ina ga wanda ba ya iya faɗin abin da aka yi masa?

Kada mu zaci talauci ne kaɗai sanadi. A 2011 gidan talabijin na BBC ya shiga da ɓoyayyar kyamara wani gidan kula da irin waɗannan mutane mai suna Winterbourne View, kusa da Biristol a Ingila, ya nuno ma'aikata suna marin su, suna watsa musu ruwan sanyi. Gini mai kyau ne, hukuma kuma tana biyan kuɗi masu yawa. Aka rufe gidan, aka ɗaure ma'aikata shida a 2012. Abin da ya haɗa can da nan shi ne ƙofa a rufe, dangi kuma a nesa.

A nan magana ta zo kanku, mazauna birni, domin ku ake bugo wa waya, ku ne kuke aiko da kuɗin. Kafin ku yarda a kai ɗan'uwanku wani gida, ku je da ƙafarku, gani ya kori ji. Ku tambaya: gidan yana da rajista da hukuma? Ana barin dangi su shigo ba tare da sanarwa ba? Mutum nawa ke kwana a ɗaki guda, ma'aikaci ɗaya kuma mutum nawa yake kula da su? Mata ne ke kula da mata? Ku leƙa banɗaki da madafa. Ku dubi idon sawun yaran. Ku ji ko da sunansu ake kiran su. Me ake koya musu: wanka da sa tufafi da kansu, ƙirga kuɗi, kiwo, saƙa? Gidan da ya ce sai bayan wata shida za ku ga ɗanku, ku ɗauke shi a ranar.

Doka tana bayanku. A Janairun 2019 Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, a Janairun 2023 kuma aka bayyana sa hannunsa a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Addini ma ya riga doka, domin aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni a ciyar da masu raunin hankali, a tufatar da su, a yi musu magana mai daɗi.

Jiharmu tana da makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a Katsina. Su waɗannan yara kuwa, mafi yawansu suna gida, kuma gidan ya fi musu idan an tallafa wa uwayensu. Saboda haka ina roƙon ƙungiya abubuwa uku. Na ɗaya, a ƙidaya su ta hannun masu unguwanni da hedimastoci, daga Zango har Yardaje da Rogogo. Na biyu, a ɗauki nauyin malamai biyu, mace da namiji, su karanto ilmin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ko kwalejin tarayya ta Oyo. Na uku, a kafa kwamitin ziyara, da mata a ciki, wanda zai riƙa duba duk ɗan Zango da aka ajiye a wani gida, ya kawo rahoto a wannan taro kowace shekara.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.