Jawabi a kan tarurrukan masana doka

Ƴan uwa makiyaya da manyan baƙi.

Kafin masana doka su yi taro, jami'a takan fitar da sanarwar neman ƙasidu, ta faɗi batun da za a tattauna da ranar rufe karɓa. Mai bincike ya aika taƙaitaccen bayani, kwamiti ya tantance, wanda aka zaɓa ya gabatar, daga baya a buga. Abin da aka buga shi ne masu tsara doka suke karantawa.

Wannan ya shafe mu. A Nijar dokar karkara ta 1993 ta ba makiyayi fifiko a mazauninsa na asali. A 1994 ƙungiyar CILSS ta kira taro a Praia kan mallakar ƙasa. Sai a 2010 doka ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙinmu. Amma har yanzu ana nome burtali.

Saboda haka idan sanarwa ta fito, mu nemi ƴaƴanmu masu karatun doka a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mu ba su takardun shari'o'in burtali da rijiyoyi da diyyar ɓarna, su rubuta kafin wa'adi ya cika.

Allah ya ba mu zaman lafiya.