Amsoshin Wasiƙunku: Ana Biyan Diyyar Ciwon Damuwa?

Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani dattijo manomi a ƙasar Gaya. Ya ce ɗansa yana aiki a wani injin casar shinkafa, shugaban ma'aikata ya sa shi gaba da zagi da tozarci, kullum barazanar kora, har yaron ya daina barci, ya rame. Yana tambaya: tunda ba yatsa injin ya yanke masa ba, yana da wani haƙƙi?

To Baba, Allah ya ba shi lafiya. E, doka ta san da irin wannan. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta sa ciwon damuwa cikin abin da ake biya, a sashe na 8. Hukumar NSITF ce ke biya, daga kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi da mai kamfani ke zuba mata. Ba daga albashin yaro ake cirewa ba. Kuma ɗan ƙwadago na wucin gadi ma yana ciki.

Amma fa a saurara da kyau. Dokar ba ta ce duk wanda aka zaga a ba shi kuɗi ba, da kuwa rabin kasuwa sun yi layi. Sai likitan da hukuma ta amince da shi ya duba, ya rubuta cewa ciwon daga wurin aikin ya samo asali. A nan mutanenmu ke yin asara. Sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta rubutu da turare wata shida, ba takarda ko ɗaya. Ban hana addu'a ba, Baba, amma a haɗa da asibiti. Ga na Dawanau nan a Kano.

Sannan akwai lokaci. A sanar da mai kamfani cikin kwana 14, gara a rubuce, a ajiye kwafi. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya a shigar da ita kafin shekara guda ta cika. In mai kamfani ya yi burus, ku je ofishin NSITF da kanku, da takardar likita da sunayen waɗanda aka zage shi a gabansu. Kada yaron ya gudu daga aiki haka nan ba rubutu.

Sai wasiƙa ta gaba.