Zafin da ke Cikin Siminti

Duk wanda ya ɗora tafin hannu a kan kankaren da aka zuba jiya zai ji ɗumi, ko da gari da sanyi. Daga cikinsa ɗumin yake fitowa. A masana'antu irin na Ashaka da Obajana, ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a wutar da ta kai digiri 1,450, sinadaran su sha zafi kafin su rikiɗe su zama siminti. Da ruwa ya taɓa shi, sai sabon haɗi ya kankama, yana sakin zafi yana ɗaure yashi da tsakuwa. Ruwan yana cikin haɗin dumu-dumu. Idan ya ƙafe da wuri, aikin ya tsaya rabi, sai ka ga bulo yana marmashewa a hannu.

Shi ya sa ban-ruwa na aƙalla kwana 7 ya zama wajibi. Wani magini zai ce kurar ruwa kuɗi ce, kuma ranar Afrilu tana taurara kankare cikin wuni guda. Tsadar ruwa gaskiya ce, amma taurin sama yaudara ne, domin sai a kwana na 28 injiniyoyi ke auna ƙarfinsa. Zafin ciki in ya gamu da na rana, tsagewa ke biyo baya. A madatsar ruwa ta Hoover a Amurka, a shekarun 1930, sai da aka shimfiɗa bututun ruwan sanyi cikin kankaren, saboda lissafi ya nuna zai kai shekara 125 bai huce ba. Wanda ruwa ya yi wa tsada, ya lulluɓe aikinsa da jiƙaƙƙun buhuna, su riƙe masa danshi har yamma.