Azumin Kwana Arba'in Kafin Idin Tashin Almasihu



A wannan taro na jubili ina so mu amsa tambaya guda wadda dangi da maƙwabta su kan yi wa sabon mai bi: "Ku Kirista, ba ku da azumi ne?" Waɗansu su kan yi shiru don kunya, har zuciyarsu ta soma waiwaya baya.

Muna da azumi. Tun zamanin dā ikkilisiya ta keɓe kwana 40 kafin Idin Tashin Almasihu, har taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya a shekara ta 325 ya ambace su. A kan fara ran Laraba, wadda ake kira Larabar Toka, kwana 46 kafin Idi. In an fitar da Lahadi 6 saura 40, gama ba a azumi a ranar da Ubangiji ya tashi. Musa ya yi kwana 40 bisa dutsen Sina'i bai ci ba bai sha ba, Yesu kuma ya yi azumin kwana 40 cikin jeji, Shaiɗan yana jarabtarsa.

Amma ku lura da kyau. Wannan azumi ba farilla ba ne, ba ya kuwa sayen gafara. Yesu ya riga ya biya bashinmu a kan gicciye. Wanda yake tsammani yunwarsa za ta wanke zunubinsa ya raina jinin Almasihu.

To, don me muke yinsa? Domin mu bar tuwo mu nemi fuskar Allah. Lokacin da ka saba cin abinci, buɗe Littafi Mai Tsarki, ka durƙusa, ka faɗi laifinka. Kada ka ɓata fuska don a gani, gama Ubangiji ya hana wannan cikin Matta sura 6. Mara lafiya, da mai ciki, da mai goyo, kada su ɗora wa kansu abin da Allah bai ɗora musu ba.

Idin yana faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato azumin yana kai mu cikin bazara, sa'ad da hatsi ya soma ƙasa a rumbu. Tiyar geron da ba ka ci ba, kada ka mayar da ita rumbunka. Kai wa gwauruwa da maraya. Irin azumin da annabi Ishaya ya koyar ke nan a sura 58.

Jubili ma haka yake. Cikin Littafin Firistoci sura 25, a shekara ta 50 a kan saki bayi, gona ta koma hannun mai ita. Wa ka ɗaure da fushi ko da bashi? Sake shi kafin Idi ya zo. Sa'an nan in an sāke tambayarka, za ka amsa ba kunya.

Ubangiji shi taimake mu. Amin.