IDAN KUN JE, KU CI TUWON MASU GARI

(Jawabin da wani ɗan'uwa, ɗan kasuwa, ya yi wa ɗalibanmu masu tafiya karatu waje, a taron sallama da ƙungiya ta shirya a Kafanchan)

 



Da aka ce in yi magana sai na ce me fataken citta zai gaya wa masu shirin shiga jami'a? Ni iyakacina Islamiyya, daga nan sai kasuwa. Aka ce ai shekarun da na yi ina kwana a garuruwan mutane su ma karatu ne. To, shi kenan. Malamai sun yi muku nasiha kan salla da riƙon littafi, ba zan maimaita ba. Ni maganar ciki zan yi.

Tun makon jiya nake ganin iyayenku mata suna ta ɗaure-ɗaure: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, ƙuli-ƙuli, dambun nama. Madalla, ku tafi da su, guzuri ba laifi ba ne. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya je Alƙahira ko Madina ko Malesiya ko Indiya, ya shiga ɗaki da 'yan'uwansa Hausawa huɗu, su yi ta tuƙa tuwo shekara huɗu, ya dawo da takardar shaida amma bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ɗan ƙasar ba. Wannan rabin karatu ya yi, iyayensa kuwa kuɗin cikakke suka biya.

Mu mutanen Kafanchan bai kamata a koya mana wannan ba. Da yawanmu kakanninmu jirgin ƙasa ne ya kawo su, bayan garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, wasu kuma fatauci, wasu tun zamanin Jama'a ta da. Suka zauna tsakanin Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Atyap da Ham. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ya fara tura ni Kwoi da Kaciya sayen citta, abu ɗaya ya ce mini: "In manomi ya kawo maka abinci, ka ci kafin ka buɗe bakin buhu." A gidajen nan na koyi cin tuwon acca da faten acca, da gwaza da manja. Suka gane abin da addinina ya hana ni, ban taɓa yin gardama a kai ba. In an zo Kirsimeti, Musulmi suke kira ya yanka musu akuya don mu iya ci; in Salla ta zo, mu aika musu da nama. Da cuta ta faɗa wa citta a 2023, gonaki suka ruɓe, kuɗina da yawa suna hannun manoma. Wallahi waɗanda na ci tuwon gidansu ba wanda ya ɓoye mini. Wani har shago ya same ni ya ce, "Alhaji, bana babu, amma ba zan ci haƙƙinka ba." Kuma bai ci ba.

Mun kuma san ɗacin rashin sanin juna. Rigimar watan Maris 1987 ina saurayi aka yi ta, kuma tsakanin ɗalibai ta fara a kwalejin horon malamai ta nan, kafin ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Sai ta Zangon Kataf a 1992, sai wadda ta biyo bayan zaɓen 2011. Ba na ce tuwo ne zai hana faɗa ba. Amma duk wanda ya ga waɗannan kwanaki ya san mutanen da suka ɓoye maƙwabtansu, ta kowane ɓangare, galibi waɗanda suka saba cin abincin juna ne. Da wuya ka ɗaga hannu kan wanda uwarsa ta taɓa zuba maka miya.

To, bari in ba ku labarin ɗan ƙanena, wanda ya yi karatu a Hartum. Da ya je, wata uku yana kukan abinci. Sai wata rana ya daure ya zauna wajen wani dattijo mai sayar da ful a bakin unguwarsu, wato wake mai faɗi da ake dafawa ya yi lugub, a zuba man riɗi, a ci da burodi. Daga nan aka saba. Dattijon ya kai shi gida, aka kawo kisra, wadda da garin dawa ake yinta, fale-fale, da miyar busasshiyar kuɓewa. Ya bugo mini waya yana dariya, ya ce, "Baba, ashe miyarmu ce, suna kawai aka sake mata!" Zoɓonmu kuma su karkade suke ce masa. Da azumi ya zo ya ga al'adarsu: kowane gida ya fito da abinci bakin titi, a shimfiɗa tabarma, a tare duk mai wucewa sai ya sha ruwa. A wajen dattijon nan ya ji labarin garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, har yau ana jin Hausa da Fillanci a can. Larabcin kasuwa da ya iya, a kan tabarmar nan ya koye shi, ba a aji ba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum. Shaguna suka rufe, ba ruwa ba wuta. Kun san wa ya riƙa kai musu burodi, shi da abokan ɗakinsa? Wa ya nuna musu lungun da za su bi su kai wurin motocin da suka kwashe ɗalibanmu zuwa iyakar Masar? Mai ful ɗin nan ne. Mu nan muna da kuɗi a hannu, amma kuɗin bai iya tsallaka titi ɗaya ba. Sabo ne ya tsallaka.

Na san abin da ke zuciyar iyaye: halal da haram. Gaskiya ne, kuma a nan ba sassauci. Alade, giya, mushe, babu su ko'ina kuka je. Amma ku bambance abin da Allah ya haramta da abin da harshenku bai saba da shi ba. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa an kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, naman damo, bai ci ba domin ba abincin ƙasarsu ba ne, amma Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa bai hana shi ba. Sun kuma ce bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta nuna an yi mu ƙabila-ƙabila ne don mu san juna. To, ta yaya za ka san mutumin da kake toshe hanci in ya buɗe tukunyarsa?

Saboda haka ga roƙona. Masu zuwa Masar, ku ci kushari, shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya, abincin talakan Alƙahira ne, ga arha. Masu zuwa Malesiya, za ku tarar da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, kuma suna manna tambarin halal a kan kaya, ku duba. Masu zuwa Indiya, da yawansu ba sa cin nama sam, saniya kuma abar girmamawa ce wurin Hindu. Kada ku yi musu dariya, ku ci ganye da wakensu. In kuna shakka, ku yi tambaya da ladabi, matambayi ba ya ɓata. In an gayyace ku gida, ku je, kada ku je hannu rabbana, ku gaida tsofaffi da harshensu. Ku kira mutane da sunan da suke kiran kansu, kamar yadda muka koya a nan cewa Bajju da Atyap da Ham sun fi son waɗannan sunaye. Sannan ku ma ku dafa tuwo da miyar kuka ku kira su. Zumunta a ƙafa take, amma a bakin kwano take zama.

Ku kuma da ba ku samu tafiya waje ba, masu karatu a Gidan Waya, ba ku tsira ba. Abokin ajinku ɗan Kagoro ko ɗan Zonkwa, kun taɓa zuwa gidansu? Ku fara daga nan.

In kun dawo lafiya, zan tambaye ku takarda, amma zan kuma tambaye ku sunan mutum ɗaya na ƙasar da zai yi kewarku. Allah ya kai ku lafiya, ya ba ku ilmi mai amfani, ya haɗa ku da masu masauki nagari, ya zaunar da garinmu lafiya. In na yi kuskure a yafe mini.