Gyara a Gindi, Sa'an Nan a Kai wa Rassa

Jawabin da aka yi wa jama'a a unguwar Ajilari, Maiduguri

Abin da ya tara mu yau shi ne yadda ake gyaran manhaja mai buɗaɗɗen tushe, watau irin wadda kowa ke da iznin duba rubutunta, ya gyara, ya ba wani. Kada a ɗauka zancen masana ne kurum. Lissafin masu zazzaɓin cizon sauro da na yaran da aka yi wa rigakafi, wanda ma'aikatan lafiya ke rubutawa a rajista, akan tattara shi wata-wata a shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar aikinta. Da wannan lissafi ake tsara rabon magani. In manhajar ta yi kuskure, marasa lafiyarmu abin zai shafa.

To, ku kwatanta manhaja da itace. Gindin shi ne inda masu rubutawa ke ƙara sababbin abubuwa kullum. In aiki ya nuna, sai a fitar da reshe, a ba shi lamba kamar yadda akan ce bugu na ɗaya ko na biyu na littafi, a miƙa wa masu amfani. Galibi da manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ake tsare tarihin gindi da rassansa.

Idan aka gano aibi, ƙa'ida ita ce a fara gyarawa a gindi. Sa'an nan a tsamo wannan gyara shi kaɗai, ban da sababbin abubuwa, a daidaita shi da tsohon reshe, a jarraba, a fitar. Wannan shi ake kira mayar da gyara baya. Wanda kuwa ya yi faci a reshensa kaɗai, ranar da ya karɓi sabon bugu aibin zai dawo masa. Don haka ne masu kula da Linux ba su karɓar gyara a tsofaffin rassa sai ya riga ya shiga gindi.

Ga misali. A watan Disamba 2021 aka bayyana wata ɓaraka a Log4j, wadda ta ba ɓarayin intanet damar sarrafa kwamfutar mutane daga nesa. Gyaran farko ya fito a bugu na 2.15, amma ba ya aiki sai da Java 8. Masu tsofaffin na'urori suka zauna cikin haɗari har aka mayar musu da gyaran baya: bugu na 2.12.2 domin Java 7, na 2.3.1 domin Java 6.

Amma fa ba a kula da reshe har abada. Masu DHIS2 manyan bugu uku na baya-bayan nan kurum suke aika wa gyara. Wanda ya tsaya a kan wanda ya girme su, ya kama busasshen reshe.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, lalle ne kowa ya san lambar bugun da ofishinsa ke amfani da shi, ya tambaya ko har yanzu ana kula da shi. A ajiye kwafin bayanai kafin a sa gyara. Ku kuma samarinmu masu koyon wannan sana'a, in kun gyara wani aibi, ku aika wa masu gindi domin kowa ya amfana. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Wassalam.